Kakana, sojan Bama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tuna da kakana, Allah ya ji ƙansa, tunda ga 15 ga Janairu ta zagayo, ranar tunawa da mazan jiya.

Yana saurayi aka ɗauke shi soja a Zariya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jirgin ruwa ya kai su Indiya, daga nan suka shiga dajin ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a 1944 suka fafata da Japanawa. Matasa da yawa suna wuce barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna ba tare da sanin cewa daga wancan yaƙin sunayen suka fito ba.

Ba ya son labarin harbi. In mun matsa masa, sai ya ba mu labarin ruwan sama da matsattsaku da zazzaɓi, da kayan da suka riƙa ɗauka a ka cikin duwatsu inda mota ba ta shiga. Lambobin yabonsa kuwa a gwangwanin alawa ya ajiye su, tare da allura da zare.

Abin da na fi tunawa shi ne kekensa. Da shi ya kai 'ya'yansa tara makaranta, har da matan, a zamanin da maƙwabta ke masa dariya. Ko da ya tsufa, ba ya cin tuwon dare sai ya ƙirga mu ya ga kowa ya dawo.

Allah ya sa Aljanna ce makomarsa.

Naka,
Wani jika daga Sabon Garin Zariya