Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Lamiɗon Garwa Kan Tona Asirin Marasa Lafiya

Ta hannun Sarkin Hausawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Barkama, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya'ya ke yi wa uba, mu talakawanka na unguwar Hausawa, dattawa da limamai da iyaye mata, mun kawo kuka. Da abin na haɗiyewa ne da mun haɗiye, don mun saba. Wannan ya tsaya mana a wuya.

Ranar Juma'ar da ta wuce, tun kafin a sauko daga masallaci, wasu hotuna suka fara yawo a WhatsApp. Shafukan babban littafin labo ne, wato ɗakin gwaje-gwaje, na asibitin da yawancinmu ke zuwa: suna, shekaru, unguwa, lambar waya, a gefe kuma sakamakon gwajin jini da jan biro. Masu ciwon hanta suna ciki, masu ƙanjamau suna ciki, har da matan da suka je awon ciki. Wani ne ya buɗe littafin ya ɗauka da waya, a hoto ɗaya ma ana ganin yatsansa ya danne takardar. Kafin magariba 'yan acaba suna karanta sunaye a bakin kasuwa, 'yan uwanmu na Marwa da Yola suna bugo waya suna tambaya ko gaskiya ne.

Ranka ya daɗe, ga abin da kwana shida suka haifar. Yarinyar da aka sa wa rana bayan Salla, dangin miji sun aiko a mayar musu da kayansu. Wata baiwar Allah mai 'ya'ya huɗu tana gidan iyayenta, mijin bai ko tsaya ya ji ta bakinta ba. Wani mai nama ya kwana biyu bai buɗe tebur ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali, akwai waɗanda suka daina zuwa karɓar magani. Tun 2007 gwamnatin Kamaru ke ba da maganin ƙanjamau kyauta, an sha wuya kafin mutanenmu su yarda su riƙa zuwa, limamai sun yi ta wa'azi a kai. Yanzu mutum ya gwammace ya kwanta a ɗaka da ciwonsa da a gan shi a layin.

Har yau ba wanda asibitin ya kira. Mai ciwo a bakin maƙwabcinsa yake jin labarin jininsa.

Ba yau aka fara ba. An taɓa sayen ƙosai a naɗe cikin takardar gwajin wani dattijo, an taɓa tsintar karne, wato littattafan asibiti na marasa lafiya, a bola bayan katangar asibitin. Mun je wurin majo, wato babban ma'aikacin jinya, mun ga shugaban asibitin, mun rubuta, mun sake rubutawa, jauro ma ya raka mu sau ɗaya. Kullum amsar ita ce za a duba.

Wannan karon 'ya'yanmu da suka yi karatu sun karanta mana doka. Doka mai lamba 2024/017 ta ranar 23 ga Disamba 2024 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Ta ba mutum damar sanin abin da aka ajiye a kansa, ta kuma ɗora wa mai ajiyar nauyin sanar da shi idan bayanan suka fita. Da muka faɗi haka, wani ma'aikaci ya ce dokar sabuwa ce, wata 18 aka ba su su shirya. To, sashe na 310 na kundin hukunta laifuka fa? Shi ba sabo ba ne. Duk wanda ya tona sirrin da ya sani ta dalilin aikinsa, ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3 ne, da tarar jaka 20 zuwa jaka 100 na sefa. Masu tura hoton gaba kuma akwai dokar 2010 ta laifukan intanet, ga kuma ANTIC, hukumar ƙasa mai kula da fasahar sadarwa.

Amma Barkama, wa zai kai ƙarar? Matar da ta tsaya gaban jandarma ta ce sunanta na cikin littafin, ta tona wa kanta asiri karo na biyu. Doka na nan, masu haƙƙin ne ba sa iya fitowa. Shi ya sa muka zo inuwarka.

Muna roƙon Mai Martaba ya kira shugaban asibitin zuwa fada, ya faɗa a gaban majalisa wa ke riƙe da makullin ɗakin labo, su wa suka yi aiki a makon. Muna roƙo ka isar da kukanmu ga Furefen Binuwai, wato shugaban gundumarmu, da delege, wato wakilin ma'aikatar lafiya, na yankin Arewa, a kai maganar gaban mai gabatar da ƙara na gwamnati da ƙungiyar likitoci ta ƙasa. A samar da amintaccen mutum ɗaya, mace ga mata, wanda za a kai wa koke a asirce ba tare da suna ya sake fita ba. A kira kowane mai suna a littafin shi kaɗai, a gaya masa abin da ya fita, a ba shi haƙuri, a nuna masa hanyar neman diyya. Waɗanda suka daina karɓar magani a ba su damar karɓa a wani wuri. A umarci lawanai da jaurori da limamai su yi shela ranar Juma'a cewa kowa ya goge hotunan, wanda ya sake turawa ya kuka da kansa. Kuma don Allah a nemo mai yatsan nan. Ma'aikatan ɗakin ba su da yawa, a nemo shi.

Idan mun yi kaushin harshe, Mai Martaba ya yafe mana, zafin abin ne. Waɗanda abin ya shafa ba su sa hannu a wannan takarda ba, mu muka sa a madadinsu, kuma a shirye muke mu zo fada duk ranar da aka kira mu.

Allah ya taimaki Lamiɗo.

Talakawanka masu biyayya,
Dattawa, limamai da iyaye mata na unguwar Hausawa, Garwa.