Turken ruwa ba shingen gona ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan aikin da aka fara mana a bakin ruwa nan ƙasar Yauri, wai za a yi mana gadar shiga jirgi irin mai shawagi a kan durom, da gangaren da za a riƙa jawo jirgi tudu in za a gyara. Wallahi mun ji daɗi, don duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa ta tattare zani tana kutsa laka da kwandon kifi a ka ya san mun daɗe muna jira.

Amma yadda ake kafa turakun da za su riƙe gadar ne ya ɗaure min kai. Yara na gani sun haƙa rami da shebur sun dasa icce sun mayar da ƙasa sun tattake, kamar masu shingen gona! Haba jama'a. Turken ruwa ai buga shi ake yi, a fiƙe gindin, a sa wa kan zoben ƙarfe kar ya tsage, a ɗaga ƙarfe mai nauyi da igiya a riƙa sakin shi a kai, ana bugu ana duba iya inda ya shiga har sai ya wuce laka ya kama ƙasa mai tauri, ka ga ana ta dukan shi ya ƙi gaba. Wanda aka dasa kam cikar gulbi ɗaya ta ishe shi.

Sai kuma iccen, malaina aka sauke mana, ita da kafinta ke yin benci. Iccen da ke nutse kullum ba ya saurin ruɓewa, inda ke jiƙewa ya bushe nan ɓarnar take, kuma kowa ya san tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwan nan ya cika ya ja baya da nisa duk shekara, to yawancin jikin turken a nan zai zauna. Ƙirya ko giginya ya kamata. Tsawon turken ma dole ya zarce inda ruwa ke kaiwa in ya cika, in ba haka ba gadar ta zare ta bi ruwa muna kallo.

Gangaren gyaran shi ma kar a yi mana shi na jeka-na-yi-ka, mu da muka ga gawarwakin hatsarin jirgin ruwa na garin Wara a 2021 ba ma wasa da lafiyar jirgi.

Injiniyan da ke duba aikin ya daure ya zo da kanshi, ya zauna da sarkin ruwa da tsofaffin matuƙa su nuna mishi alamar cikar bara, tun ruwa bai dawo ba.

Naku, wani mai jirgi daga Yauri, jihar Kebbi.