Gobarar Kalifoniya: ba katako kaɗai ke jawo wa gida wuta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan gobarar dajin da ke addabar mu a nan Kalifoniya. Tun da aka yi ta Los Angeles a watan Janairun 2025, duk wanda ya bugo mini waya daga gida magana ɗaya yake yi: "Ai dole su ƙone, tunda da katako suke gini." Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Sana'ata a nan gyaran farfajiyar gidaje ce, wato shuka, sassabe, rage rassan bishiyoyi, zuba tsakuwa da yin daɓe, a garuruwan da ke gindin duwatsun Sierra Nevada, gabas da Sacramento. Abin da na gani a aikin nan shi ne, wuta ta fi samun hanyar shiga gida ta abin da mai gidan da kansa ya shuka ko ya jingine a jikin bangonsa.

Mutane na zaton harshen wuta ne ke tahowa daga daji ya lashe gari gida bayan gida. Wani lokaci haka ne. Amma galibin gidajen garwashi ne ke kama su. Iskar da suke kira Santa Ana, wadda ke busowa daga hamada a bushe kamar ta hunturunmu, sai dai ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, tana ɗaukar ɓawon itace mai ci da guntayen rufi ta kai su fiye da kilomita guda gaban wutar. Garwashin nan ya faɗa kan siminti, ya mutu. Ya faɗa cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo, ko cikin furannin da ke ƙarƙashin taga, to gida ya tafi, alhali wutar dajin ma ba ta iso unguwar ba. Wani masanin gobara na hukumar gandun dajin Amurka, Jack Cohen, ya daɗe yana jawo hankali ga wani abu da ake gani bayan irin wannan annoba: gida ya zama toka, bishiyar da ke tsakar gidan kuwa tana tsaye da ɗanyen ganyenta. Da ta kan bishiyoyi wutar ta zo, ai da su za ta fara ci.

Wanda ya bi labarin gobarar garin Lahaina a tsibirin Maui na jihar Hawai, a watan Agustan 2023, inda mutum kusan 100 suka rasu, zai tuna hoton wani gida mai jan rufi da ya tsaya cak a bakin teku, duk maƙwabtansa sun ƙone ƙurmus. Gidan nan na katako ne, kuma ya kusa shekara ɗari. Masu shi sun canza masa rufi zuwa na kwano, sun cire shuke-shuken da ke manne da bango, sun zuba duwatsun rafi kewaye da shi. Abin mamaki, ba don tsoron wuta suka cire shukokin ba, gara suke gudu. Ba na cewa duwatsun kaɗai suka cece shi, don akwai tazara tsakaninsa da maƙwabta, kuma akwai kiyayewar Allah. Amma ya isa ya nuna cewa katako ba shi ne hukuncin ƙarshe ba.

Tun 2005 dokar jihar nan ta wajabta wa mai gida a yankin da ke da haɗarin gobara ya gyara taku 100 kewaye da gidansa, wajen mita 30 ke nan. Ciyawa kada ta wuce inci huɗu. Rassan ƙasa na bishiya a sare su har tsayin taku shida, don kada wutar ciyawa ta samu matakalar hawa sama. Itacen girki ko na jin ɗumi a matsar da shi taku 30 daga gini. Reshe kada ya kusanci bututun hayaƙi da ƙasa da taku goma. Duk waɗannan abubuwa mutane na yin su ba gardama, musamman da kamfanonin inshora suka fara guje wa jihar; State Farm ma ta daina karɓar sababbin masu gidaje a 2023.

Inda rigimar take shi ne taku biyar na farko, na jikin bango. A 2020 aka sa hannu a dokar da ta ce wannan zirin ya zama babu abin da wuta za ta ci a cikinsa, amma aka yi ta jan ƙafa wajen fitar da ƙa'idojin aiwatarwa, har sai da gobarar Palisades da ta Eaton, wato na Los Angeles ɗin nan, suka ci gine-gine sama da 16,000, sannan Gwamna Gavin Newsom ya ba da umarnin a hanzarta. Dalilin jan ƙafar ba ɓoyayye ba ne a wurin mai irin aikina. A wannan zirin Bature ke zuba ƙawar gidansa. Nan furanni suke, nan ake baza ɓarzajjen ɓawon itace don ƙasa ta riƙe laima, nan shingen katako yake haɗuwa da bango. Ka ce wa dattijuwa ta tuge furen da marigayi mijinta ya shuka a ƙarƙashin taga, ta zuba tsakuwa, sai ta dube ka kamar ka zage ta. Abin da nakan yi shi ne in matsar da furen gaba kaɗan, inda ma ya fi fitowa idan an leƙo ta tagar, in zuba tsakuwa ko in shimfiɗa falalen dutse a zirin, in kuma cire ƙarshen shingen da ke taɓa gida in sa ƙofar ƙarfe. Shingen katakon nan ya ci gidaje da yawa, don wuta na binsa daga gidan maƙwabci har ta iso bangonka. Ramukan shan iska na ƙarƙashin rufi kuwa sai a rufe su da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, su kira mu mu sare komai a bar fili fayau. Ina ƙin wannan aikin idan na samu dama. Ƙasar da aka tsiraita ciyawa ce ke mamaye ta da damina, ta bushe da rani, kuma babu abin da ya fi busasshiyar ciyawa saurin ɗaukar wuta. Babbar bishiya mai lafiya da aka rage wa rassa, tana nesa da rufi, ba abokiyar gaba ba ce. Wanda nake tsoro shi ne itacen turare, mai zubar da ɓawo da ganye mai maiƙo, da dogayen bishiyoyin nan dangin dabino da ake barin busassun gazarinsu na reto.

Ginin ma yana da nasa rabon, ban musa ba. A garin Paradise, inda gobarar Nuwamban 2018 ta kashe mutum 85, kusan rabin gidajen da aka gina bayan sabuwar dokar gini ta 2008 sun tsira, na kafin nan kuwa ko ɗaya cikin biyar bai kai ba. Sannan a unguwa mai cunkoso irin Altadena, inda gobarar Eaton ta ci, idan gidan maƙwabcinka ya kama, tsakuwarka ba lallai ta hana komai ba. Shi ya sa gyaran mutum ɗaya ba ya wadatarwa sai layi duka ya yi.

Abin da ya sa na ga maganar ta shafe mu, Malam Edita, shi ne na san yadda ƙauyukanmu ke zama bayan kaka. Harawa a kan rufi, kara a jingine da darni, ciyawar dabbobi tsibi guda a gindin rumbu, ga yara na cinna wa daji wuta don farautar gafiya, ga iskar hunturu. A Nijar akan share dogayen hanyoyi a makiyaya duk shekara don tare wutar daji, kuma manomanmu na da sun san share kewayen rumbu kafin sanyi ya shigo. Ina roƙon ku tura wakili ya tambayi 'yan kwana-kwana a Katsina, Jigawa da Zamfara ko rumbu nawa ke ƙonewa tsakanin Disamba da Fabrairu, da kuma abin da aka tarar a jingine da su.

Na gode. Allah Ya tsare mu da gobara.

Naku,
Wani Bakatsine mai gyaran farfajiya,
daga Kalifoniya, Amurka.