Ranka Ya Daɗe, A Rubuta Sunan Icen A Takardar Kwangila

Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar Kula da Bayar da Kwangilolin Gwamnatin Tarayya, BPP, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma aiki yana tafiya yadda ake so. Ni kafinta ne a Kano. A hannun mahaifina na koyi riƙon zarto, yanzu kuma ina da shagona da yarana ba nisa da 'Yan Katako na Na'ibawa. Aikina tebur, kabad, kantar littattafai da ƙofofi, irin waɗanda sai an je an auna ɗaki tukuna a zo a yanka ice.

Kwanakin baya aka kira ni wani ofishin gwamnatin tarayya in duba teburin taro. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba. Teburin bai cika shekara uku ba. Ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya riƙa ɗiga a gefensa, gefen ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Na taɓa, na ce musu wannan ba ya gyaruwa. Ba ice ba ne. Garin katako ne da aka matse da gam, wanda muke kira MDF, aka lulluɓe shi da leda mai zanen ice. Da zan fita sai na hangi wani tsohon tebur na maɗaci a bakin ƙofa, an bar wa masinja yana ɗora fayil. Na ja durowarsa, ta fito sumul. Na leƙa ƙarƙashinsa, babu ƙusa ko ɗaya a ƙafafun, huda aka yi aka zura ice cikin ice. Wanda ya yi shi wataƙila ya daɗe da kwanta dama, amma aikinsa yana nan tsaye, na jiya kuma ana neman inda za a jefar.

Na san doka tana tare da mu a takarda. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan umarni mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ma'aikatu ke kashewa wajen sayen wasu kayayyaki dole ya tafi ga abin da aka yi a gida. An ambaci kayan ɗaki da na ofis ƙarara a cikin jerin. Kafin nan, a 2015, Babban Bankin Najeriya ya sa kayan ɗaki da ƙofofin katako cikin kaya 41 da ya daina ba masu shigo da su dala, har zuwa 2023 da aka ɗage. A 2025 kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar fifita kayan Najeriya, aka ɗora wa hukumarka nauyin tabbatar da ita. Duk mun ji a rediyo, mun yi murna.

To, ga inda gizo ke saƙar. Umarnin ya ce a sayi na gida, amma takardar kwangilar da ke fita ba ta faɗin mene ne tebur. Za ka ga an rubuta teburin babban jami'i guda kaza, kuɗi kaza, shi ke nan. Sai ɗan kwangila ya sayo fale-falen MDF da aka shigo da su daga waje, a yanka, a ɗaure da sukuru a wani shago cikin kwana biyu, a ce an yi a Najeriya. Ba ƙarya ya yi ba, a nan aka ɗaure. Ni kuma da na sa farashin kawo ko iroko, da kuɗin busarwa, da makonnin da yarana za su yi suna huda da fiƙewa, sai in zama mai tsada. An haɗa doki da jaki a sukuwa ɗaya, aka ce wanda cinsa ya fi araha shi ya ci.

Roƙona na farko, kuma shi ne babba: hukumarka ta fitar da ƙa'idar da za ta tilasta a rubuta sunan icen a takarda. A ce maɗaci ne, ko iroko, ko kawo, ko malaina, da kaurinsa, da irin haɗin da za a yi, da inda aka yarda a sa fale-falen katako da inda ba a yarda ba. Ban ce a haramta MDF ba. Yana da wurinsa, a bayan kabad ko a allon raba ofis inda ruwa ba ya kaiwa. Amma kada a saye shi da kuɗin maɗaci.

A kuma rubuta bushewar icen, domin nan ne ko mu masu aikin gaske muke jin kunya. Yawancin katakonmu daga dazukan kudu yake zuwa da danshinsa. Idan ka yi gaggawa ka haɗa kabad da shi a damina, da hunturu ya busa sai ka ji ƙofa ta karkace, saman tebur ya tsage, durowa ta yi lako-lako. Ofis mai sanyin na'ura ma haka yake tsotse ice. Icen da za a yi kayan cikin ɗaki da shi ana so ruwan jikinsa ya sauko wajen kashi 8 zuwa 12 cikin 100, kuma akwai 'yar na'urar da ake soka wa katako ta nuna haka nan take, ba ta fi tafin hannu ba. Me zai hana duk jami'in da zai karɓi kayan gwamnati ya zo da ita a aljihu? Ba zan ɓoye maka ba, a cikinmu akwai masu shafa fenti a kan ɗanyen ice, akwai masu alƙawarin sati biyu da ke zama wata huɗu. Ƙa'ida a rubuce za ta kama su kafin ta kama kowa, kuma ni ban ƙi ba.

Sai maganar yadda aikin ke iso mu. Kafin ka nemi kwangilar tarayya sai ka kawo rajistar kamfani, da shaidar biyan harajin shekara uku, da takardun fansho, da na asusun horar da ma'aikata, da na inshorar ma'aikata. Kafinta mai yara takwas ina zai kai wannan kaya? Don haka mai takardu ne ke karɓa, ya ba wani, wani ya ba wani, kafin aiki ya sauko shagona an yi masa gatsa uku. Daga ragowar ake so in fitar da ice mai kyau. A ware aikin katako daga kwangilar gini, a yanka shi ƙanana, a bar ƙungiyoyin kafintoci su shiga da takarda ɗaya. Masu aiki suna nan a Kugbo da Dei-Dei, kusa da ofishinka, suna nan a Panteka ta Kaduna. Dokar kwangila ta 2007 ta ce kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba ya zama jinkirtacce. Mu da muke ƙasan tsani, ba mu ma da takardar da za mu ƙirga kwanakin da ita.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maɗobiya. Wannan icen da masu sara suka laƙaba wa Madrid an yi ta kwasarsa daga dazukan Taraba da maƙwabtanta zuwa Sin a gungumensa, har a 2018 hukumar duniya mai kula da cinikin itatuwa da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa ta dakatar da cinikinsa daga Najeriya. Can an mai da shi kayan alfarma. Mu nan an aiko mana da dusa a matse, muna ɗora tutar ƙasa a kanta.

Idan ka samu sarari, ranka ya daɗe, ka sa a juya teburin ofishinka a duba ƙarƙashinsa, a zaro durowa ɗaya a kalli kusurwarta. In haƙora ka gani sun shiga juna, kafinta ne ya yi. In sukuru ne da farin gari yana zuba, ka sa a nemo takardar da aka saye shi da ita, ka ga abin da aka rubuta da abin da aka biya.

Allah ya taya riƙo, ya yi jagora.

Naka,
Wani kafinta daga Na'ibawa, Kano.