Masu gudu a Legas, hawan dutse ba gudun kwalta ba ne

Edita,

Ka ba ni fili in ja kunnen matasanmu na Agege da Idi-Araba masu shirin zuwa gudun zagaye dutse cikin kurmi, kamar dutsen Idanre a jihar Ondo. Legas shimfiɗaɗɗiya ce, ƙafar da ta saba da kwalta ba ta san hawa ba. A fara da matakalar bene ko gadar masu tafiya a ƙasa, minti 30 sau biyu a mako, har mako takwas.

A dawa da awa ake lissafi. Kilomita 10 da ake cinyewa cikin awa ɗaya a gari, can sai ta ci biyu. A riƙe ruwa rabin lita don kowace awa, da dabino da ɗan gishiri, saboda gumi na fitar da ruwa da gishiri daga jiki.

Inda hawa ya miƙe, a taka da ƙafa, ba abin kunya ba ne. Gangara ce ke kayar da mutum: cinya ta gaji, saiwa ta jiƙe, takalmi mai sulɓin ƙasa ya zame, sai targaɗe. A gajarta taku, ido na kallon taku uku gaba.

A fita bayan asuba da ɗan gari wanda ya san hanya, don sabis ɗin waya yakan ɗauke a kurmi.

Naka,
Mai karatu daga Agege, Legas