Shekara 14 ina zuwa Kwatano, yamma ɗaya kaɗai na kalli ruwa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili. Ni ba marubuci ba ne, dillalin motoci ne, in an ga rubutun ya karkace a gyara mini. Abin da ya sa na ɗauki waya gardama ce munka yi daren jiya a teburin mai shayi, wani yaro ɗan wana ya nuna muna bidiyon mutane cikin kwale-kwale suna kallon faɗuwar rana, sai maigidana Alhaji wanda ya koya mini sana'a ya ce wannan aikin Nasara ne da waɗanda kuɗi sunka yi ma yawa, wai mutum da hankalinshi shi biya kuɗi a kai shi tsakiyar ruwa dan kallon ranar da Allah ke faɗar da ita kyauta kullum a bayan gidanshi. Kowa ya yi dariya. Ni kaɗai na ce a'a, kuma abin haushin shi ne Alhaji na cikin jirgin ranar da ni ma na shiga, amma yanzu ya yi kamar bai san zancen ba.

Ga yadda anka yi. Tun 2009 nike bin hanyar nan, Maraɗi, Ƙonni, Dogonduci, Doso, Gaya, a haye gada zuwa Malanbil, Kandi, Faraku har Kwatano ta ƙasar Benin. In mun isa abu uku munka sani, masauki a Zango, for wato tashar jiragen ruwa, sai fak ɗin motoci inda ake saida su can hanyar Seme. Kullum safiya zem, wato kabu-kabunsu masu rigar ɗorawa, ke ɗauke ni mu haye gadar da ke gefen kasuwar Dantokpa, ruwa na ƙarƙashina ina ta lissafin kuɗin duwan, wato kwastan, a kai, wallahi ban taɓa tambayar daga ina ruwan nan ya fito ba, ni dai na ɗauka teku ce ta shigo gari.

A Janairun 2023 takardun mota biyu sunka maƙale muna, taransitan, wato mai fiddo muna takardun kaya, ya ce gobe, gobe ta zo ya ce rezon intanet ya ɗauke, har kwana shida muna zaune a Zango muna shan shayi muna cin kuɗin abinci. Sai wani ƙanen mai masaukinmu, haifaffen can ne yana jin yarensu, ya ce tunda zaman banza kuke ku zo in kai ku inda mutane ba su taka ƙasa. Alhaji ya ce yaro ka rufa mini asiri. Amma zafin ɗaki ya fi tsoro ƙarfi, bayan la'asar munka ɗauki hanyar Kalabi, can bakin tafkin da suke kira Nokuwe.

Ashe ba teku ba ce. Tafki ne babba a bayan gari, koguna biyu Weme da So ke zuba mishi ruwan daɗi daga arewa, wancan ruwan da nike hayewa kullum a gada kuma mashigi ne da Faransawa sunka haƙa a 1885 ya haɗe shi da teku, shi ya sa da damina ruwan daɗi ke rinjaye da rani kuma gishiri ya shigo. Mai jirgin ya ce in da mun zo lokacin cikar ruwa da kainuwa ta tare hanya har injin ya riƙa shaƙewa, amma da gishiri ya shigo sai ta mutu da kanta. Na sa yatsa na ɗanɗana, gishiri-gishiri kamar ruwan kanwa marar ƙarfi. Kuma duk faɗin nan nashi ba shi da wani zurfi, masunta da dogon gora suke tura jirgi suna dogara ƙasa, wani wurin ma mun ga mutum tsaye ruwa iya ƙirji yana gyaran tarko. Wannan ne ya ɗan kwantar ma Alhaji da hankali, dan tun da munka shiga yake maimaita bismillahi majreha wa mursaha, ya ɗaure rigar ruwa bisa babbar riga har wuya, hannu biyu a katako.

Eh, sun ba mu rigar ruwa, kowa tashi, kafin a tada injin. A riƙe wannan, zan komo kanshi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai gonaki ne a cikin ruwa. Gonaki fa Malam. Suna saro rassan itace da ganye su kakkafa cikin laka su kewaye fili, suna ce mishi akaja, ganyen ya ruɓe kifi ya taru yana ci yana ɓuya yana hayayyafa, bayan watanni mai wurin ya zo ya kewaye da taru ya kwashe. Kowane fili da mai shi, ana gado ana rigimar iyaka kamar dai mu da gonar gero. Sai ga masunta na komowa gida, wasu da filafili wasu sun ɗaga zanen da anka harhaɗa da tsumma da buhu iska na tura su ba ko sisin mai, wani yana tsaye a bakin jirgi ya wurga birgi ya buɗe kamar faifai kafin ya faɗa ruwa. Karfasa, ƙaguwa, jatan lande. Can nesa kuma wani dogon jirgi shaƙe da jarkoki, yaron ya yi mini raɗa ya ce man Najeriya ne, na ce to ashe 'yan ruwa-ruwa masu saida mai a jarka har nan, nasu ma a kan ruwan gaske suke.

Wajen rabin awa munka isa Ganbiye. Gari ne sosai, dubban mutane, gidajen katako a kan turaku, wasu jinka wasu kwano, kasuwa a cikin jirage mata na saida tumatir da itacen girki daga jirgi zuwa jirgi, ga layin jirage cike da robobi wajen famfo dan ruwan sha saye suke duk da suna zaune bisa ruwa. Yarinya wadda ba ta wuce shekara shida ba ta wuce mu ita kaɗai tana tuƙi ko kallonmu ba ta yi ba, na dubi Alhaji da rigar ruwanshi na kau da kai dan kar in yi dariya. Matan ba su son hoto, kana ɗaga waya sai su juya baya ko su rufe fuska da faranti, kuma gaskiyarsu, ni ma in baƙo ya tsaya ƙofar gidana yana ɗaukar iyalina ba za mu rabu lafiya ba. Na maida wayar aljihu, kuma ina ganin shi ne abu mafi kyau da na yi ranar.

Mutanen ana ce musu Tofinu. Kakanninsu sun gudo cikin ruwan ne shekaru ɗaruruwa da sunka wuce lokacin da mayaƙan Dahome ke kama mutane suna saida ma Turawa a bakin teku, kuma an ce addinin mayaƙan ya hana su bin mutum cikin ruwa. Mai jirgin ya ƙara da tatsuniyar kada da ya goyo mutane a bayanshi, wannan kam na bar mishi kayanshi. Amma zancen gudun ya taɓa ni, sabo da mu ma ai 'yan gudun hijira ne, sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne sunka zo sunka zauna Maraɗi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Bambancin kawai su sun gudu cikin ruwa sunka tsira, mu kuwa ruwa ne ya sake korarmu, ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari a fadama anka hau tudu. Wata ƙila tun daga nan munka ƙulla gaba da shi, ko gulbi ya kawo sai dai mu tsaya bisa gada muna leƙe muna ja ma yara kunne.

A komowa ne abin ya faru, in ma za a kira shi abu. Da za mu je rana na bayanmu, yanzu mun fuskance ta. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe sama, na ce ma yaron wannan ƙurar garinmu ce ta biyo ni har nan. Ranar ta yi ja wur kamar garwashi, kana iya kallonta ido cikin ido ba ta kashe maka gani, ruwan duka ya koma kalar manja, turakun akaja sun yi baƙi-baƙi balbelu sun jeru a kai. Sai mai jirgin ya kashe injin ba wanda ya sa shi. Shiru. Ba hon ba zem ba taransita, sai ruwa na ɗan bugun katako da muryar wata mata can nesa tana kiran ɗanta. Ban san minti nawa munka yi ba, na dai san tun da na fara sana'a ban taɓa zama ban lissafa komai ba sai ranar, ko a sallah Allah shi gafarta muna sau nawa kuɗin lasirans, wato inshorar mota, ke shigo muna a raka'a ta biyu. Alhaji da ke ta addu'ar tsoro ya saki katako, na ji shi a hankali yana subhanallah, subhanallah, har ya ce ma mai jirgi ta bakin yaron dakata tukuna kar ka tada. Shi fa. Wanda jiya yake cewa aikin Nasara ne. Ranar ma ba ta kai ga ruwa ba hazo ya haɗiye ta, bakwai saura, munka iso gaɓa munka yi magariba a Kalabi, duk abin da kowa ya kashe bai kai abin da muke ba yaran fak na wankin mota ba.

Wata shida bayan nan anka yi juyin mulki a Nijar anka rufe iyaka, gadar Gaya ta koma ba shiga ba fita, kaya sunka koma Lome ta Burkina da doguwar hanya da jiran rakiyar soja. Masu zuwa Benin kuwa sai a kwale-kwale suke haye kogin Kwara, an cika shi da mutane da buhuna da babura, na haye sau biyu haka ba rigar ruwa ko ɗaya, kuma ban ji wanda ya ce aikin Nasara ne ba. Wato in wahala ce ta sa mu cikin jirgi halal ne ko da zai nutse, in hutu ne sai ya zama abin kunya. Wannan tunanin namu ne nike gardama da shi, ba Alhaji ba.

Kuma ba sai mun je Kwatano ba. Ga tafkin Madarunfa nan kudu da mu ko kilomita 30 babu, ga kaburburan waliyyai 99 kewaye da shi, tun 2006 Nijar ta sa shi da dajinshi cikin jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, kamar yadda Benin ta sa Ganbiye a 1996. Su sun gyara mashiga sun sa masu jirgi a layi, baƙo na zuwa ya san inda za shi biya ya san wanda za shi ɗauke shi. Mu namu yashi na cike shi shekara bayan shekara, gulbi ma tun da anka yi dam a Jibiya ba ya kawo ruwa kamar da, ga matsalar ɓarayin daji a yankin iyaka wadda ba zan ɓoye ba, ita ta sa mutane da yawa ba su son yamma ta yi musu a can. Na sani. Amma mutanen Madarunfa suna nan suna kwana suna tashi, masunta na su, mu ne 'yan birni munka san kifinsu a faranti ba mu san ruwan da ya fito ba.

Watan jiya na je da kaina da wuri bayan la'asar. Na samu wani dattijo yana ɗinkin koma na gaishe shi na ce Baba so nike ka shiga da ni tsakiya mu ɗan zauna mu komo. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce Alhaji mi za ka jefa? Na ce ba komai. Ya ce to wa ya aiko ka, mutanen gandun daji? Na ce wallahi kallo kawai. Ya yi shiru ya ce shekararshi sittin a bakin ruwan nan, masu zuwa da laya ya sani masu zuwa da takarda ya sani, mai zuwa kallo bai taɓa gani ba. Sai da na ba shi jika biyu a hannu sannan ya kira jikanshi. Jirgin na yoyo, yaron na kwalfewa da gwangwanin tumatir, ga kirinjijiya garke guda sun tashi ta kanmu suna fito, rana ta sauka bayan itatuwa, kuma billahillazi ba ta gaza ta Nokuwe da komai ba, sai dai ni hankalina rabi na kan gwangwanin.

To roƙona ga hukumar garin Madarunfa da sarkin ruwa, da 'yan kasuwarmu masu gina gidan mai a kowace kusurwa, ba otel nike nema ba. Jirgi biyu masu lafiya, rigar ruwa ko ashirin, rumfa da tabarmar sallah, farashi a rubuce, a kuma tsaida lokacin da kowa za shi fito kafin duhu. Masuntan su riƙe abin da kansu kuɗin shi shiga aljihunsu. Ku ma Malam Edita ku aiko wakilinku shi gani da idonshi, ni zan ɗauke shi a tasha in kai shi.

Juma'a mai zuwa zan koma da iyalina, na sayi rigunan ruwa huɗu a wajen masu gwanjo. Alhaji ya ce za shi biyo mu, amma wai shi a gaɓa za shi tsaya shi riƙe muna takalma.

Naku,
Wani dillalin motoci,
Unguwar Mokoyo, Maraɗi