Wasiƙa zuwa ga aboki kan gabatar da ƙasida a taron ma'aikatan laburare

Kafin Hausa, Jihar Jigawa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko akwai riba ma'aikacin ƙaramin laburare ya wahalar da kansa da rubuta ƙasida don taro. Akwai, amma ta danganta da inda mutum yake aiki.

Idan a jami'a kake, kamar ta Sule Lamido da ke nan garin ko ta Tarayya da ke Dutse, maganar ba ta da tsawo. Ƙwararrun ma'aikatan laburare a jami'o'inmu ana auna su da ma'aunin malamai, ba ƙarin girma sai da rubuce-rubuce. Sai dai ka sani kwamitin ƙarin girma ya fi ba maƙalar mujalla maki a kan ƙasidar taro. Saboda haka ka ɗauki taron a matsayin wurin da za a yi wa aikinka gyara, daga baya ka faɗaɗa shi ka tura mujalla. TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyin halartar taro ga ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin ilimi da na fasaha na gwamnati, ta hannun makarantarka, kuma za a nemi takardar shaidar an karɓi ƙasidarka. Ma'aikacin hukumar laburare ta jiha ba ya cikin wannan rabo, daga aljihunsa ne ko alfarmar ofis.

Dalilin da ya fi ƙarfi a wurina daban ne. Abin da ma'aikacin karkara ya sani ba kasafai yake shiga rubutu ba: yadda gara ke cin littattafai ta bayan kantar da aka jingina da bango, yadda ƙurar hunturu ke toshe kwamfuta, yadda danshin damina ke ruɓar da tsofaffin takardun ajami, da yadda littattafan addini ke cunkushewa a lamba 297 ta tsarin Dewey na jera littattafai, wato lambar littattafan Musulunci, har mai nema ya rasa gane fiƙihu daga hadisi. Masu tsara manufofi suna Abuja. In ba ka tashi ka faɗa a gabansu ba, za su ci gaba da tsara wa inda wuta ba ta ɗaukewa.

Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa, wato NLA, wadda aka kafa a 1962, tana babban taro duk shekara, kuma tana da rassa a jihohi. Fara da taron reshe, kuɗinsa kaɗan ne. Ƙungiyar laburare ta Afirka, AfLIA, mai hedikwata a Ghana, da ta duniya, IFLA, su jira tukuna.

Ka zaɓi batu ƙarami. "Matsalolin laburare a Najeriya" an gaji da jin sa. Ɗauko rajistar masu aro ta shekara biyu, ka ƙirga wa ke zuwa, wane wata, wane littafi, ka cire sunayen mutane. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin ƙasidar da ake fara tura wa masu shirya taro, yawanci ba ya wuce kalmomi 250: matsalar, yadda ka tattara bayani, abin da ka gano. Da yawa ana mayar da su ne don sun cika da shimfiɗa, ba sakamako.

A ranar, da wuya a ba ka fiye da minti 15. Shafuka goma na majigi sun isa. Kada ka karanta ƙasidar daga farko, shugaban zama zai tsayar da kai kana cikin gabatarwa, sakamakon bai fito ba. Ka gwada da agogo a gida. Ka riƙe kwafi a filas, wani a waya, wani a takarda, don janareta ba shi da alƙawari.

Ka kuma kiyayi tarukan bogi da ke turo gayyata ta imel, su karɓi tsakure cikin kwana ɗaya, sannan su nemi kuɗi a dala. Duba wace ƙungiya ce ke bayansu kafin ka biya ko sisi.

In ka rubuta tsakuren, turo mini in duba kafin ka aika. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
abokinka